Luba, Ki Gaya Masa

"A mayar masa da kayansa!"

Maficin da ke hannun Luba ya tsaya cak.

Muryar babanta ce daga tsakar gidan gwaggonta, kuma Malam Ashafa ba mai ɗaga murya ba ne.

"Goron, da turamen atamfar, da akwatin, duk a kwashe a kai masa Kankia. Ba ni ba da ɗiyata ga wanda ya kashe mini 'yar'uwa!"

"Ai ba ta cika ba tukuna, Malam," in ji Ɗanmaliki, da irin muryar masu zuwa gaisuwar mutuwa tun mara lafiya yana numfashi. "Amma dai kowa a Kusada ya gani. Tun ranar da Inna ta fara shan ƙwayar yaron nan..."

Luba ta dubi Gwaggo Kubura a kan gadon kara. Fuska ta kumbura, leɓe ya bushe, hannu ɗaya dafe da ƙugu. Wannan matar ce ta goye ta bayan rasuwar uwarta. Ciwon haƙarƙarin da ya kwantar da ita ya tafi, tari ya tsaya, zazzaɓi ya sauka. Sai kuma fitsari ya ɗauke. Ɗan abin da ya fito jiya, jini-jini ne.

Idan Gwaggo ta tafi, auren ya bi ta. Wannan Luba ta sani, ba sai an gaya mata ba.

Abin haushin kuwa, da can babu aminan da suka kai babanta da Bilya, likitan da ke neman aurenta. Malam Ashafa ya koyi ɗaurin ciwo da sanin ƙwayoyi a soja, lokacin yaƙin Bama. Da ya dawo sai En'e ta ba shi lasin, ya buɗe shagon magani a Kankia, a bakin hanyar Katsina. Bilya kuwa yana cikin 'yan Arewa na farko da Turawa suka yarda su kira likita, aka turo shi ya riƙa duba ƙananan asibitocin ƙasar Kankia. Duk ranar kasuwa yakan zauna a bencin shagon, su yi ta hirar marasa lafiya: wa ya warke, wa ya daina shan magani, wa ya ba akuyarsa. A nan ya ga Luba tana naɗe ƙwayoyi a takarda, naɗi mai kusurwa uku kamar laya. Ya ce a koya masa. Ba a taɓa ganin likita mai wuyar koyon naɗin takarda irinsa ba.

Sai aka kai goro.

Daga ranar hira ta mutu. Bilya ya zama suruki, kuma suruki ba ya zama benci ɗaya da uban yarinya. In ya hango Malam Ashafa sai ya kashe babur, ya tuɓe takalma, ya faɗa lungu. Malam Ashafa in ya ji ƙarar babur sai ya tuna yana da aiki a bayan shago. Duka biyun suna jin sun cika mutunci. Mutanen gari kuwa, da ba sa barin abu ya wuce ba su yi masa fassara ba, suka ce faɗa ne: likita zai sa a karɓe lasin, mai magani ya ce likita yaro ne. Marasa lafiya suka shiga ɓoye wa kowa cewa sun je wurin ɗayan. Ɗanmaliki, ɗan ƙanin mijin Gwaggo da ke kiranta Inna, mai fataucin fata da sabon keke, wanda ya nemi Luba ta ce a'a, shi ya fi kowa yawo da labarin.

Luba ta ajiye mafici, ta ɗauko wankakken zane ta sake wa Gwaggo. Tana janye tsohon sai ta ji ƙulli a haɓarsa.

Ta shafa ɗaya haɓar. Wani ƙullin.

Ta kwance na farko: ambulan ɗin asibiti, da fararen ƙwayoyi a ciki.

Ta kwance na biyu.

Takarda ce mai kusurwa uku. Naɗin hannunta. Ƙwayoyin ciki farare, girma ɗaya, tsaga ɗaya a tsakiya.

"Gwaggo..."

"Mi?"

"Wannan fa? Daga shagon Baba ne!"

Tsohuwar ta buɗe ido ɗaya. "Ɗanmaliki ya kawo. Ya ce Ashafa ya aiko."

"Kina sha?"

"To in zubar? Ƙanina ne hwa."

"Na likita kuma?"

"Surukina ne. In ƙi nashi a ce na raina shi tun ba a ɗaura ba?"

"Duka biyun kike sha, Gwaggo?"

"Ban bambanta kowa ba, ɗiyata. Kowa na ba shi haƙƙinshi."

"Kin gaya wa Baba? Kin gaya wa likita?"

"Ke! In haɗa su faɗa a kan faɗa?"

Sai ga ƙarar babur daga hanyar Kankia. A tsakar gida Malam Ashafa ya yi abin da jikinsa ya saba, duk da fushin da yake ciki: ya miƙe ya shige ɗakin 'yar'uwarsa. Luba ta dunƙule ƙwayoyin a hannu, ta ja mayafi ta fita.

Ta sami likita a gindin bishiyar bedin ƙofar gida, takalma a hannu, rana ta dafa shi, farar rigarsa ta zama ja da ƙura.

"Luba!"

Ta kau da kai.

"Luba tawa, dube ni. Yaya jikinta?"

"An ce a mayar maka da kayanka."

Jakar da ke ɗaya hannun ta kusa suɓuce masa. "Wa ya ce?"

"Wa yake da ikon cewa?"

"Wallahi abin da na ba ta daidai ne! Na auna, na sake aunawa. Sai dai in wani ya ba ta wani abu a bayan idona. Masu shagunan nan..."

"Masu shagunan nan? Ubana ke nan, Likita."

"Ba haka nake nufi ba, hasken idona."

"Hasken idonka yana tsaye a rana, ana shirin kwashe akwatinsa. Duba nan."

Ta buɗe tafin hannunta. Ya dubi ambulan, ya dubi takardar da ya shafe watanni yana ƙaryar koyon naɗinta. Ya ɗauki ƙwaya daga nan, ya ɗauki daga can, ya juya su.

"Innalillahi... Magani ɗaya ne. Ninki biyu take sha!" Ya share gumi. "Je ki tambayo Baba yaushe ya aiko, nawa ya ce a sha, da me take haɗawa. Ki dawo ki gaya mini."

"Sannan in koma in gaya masa abin da ka ce."

"I."

"Sannan in dawo."

"Luba, kin san ba zan iya tsayawa gabansa ba..."

"Ka iya yanka ƙurji, ka iya zare kurkunu daga ƙafar mutum yana ihu, amma tsohon da ka sha shayinsa shekara guda shi ne ba ka iyawa?"

"Kunya ce, masoyiyata."

"Na sani. Ina son ka da ita. Ran da ka faɗa kwatar bayan kasuwa don gudun Baba, dariya na yi har na yi hawaye, na ce wannan shi ne mijina." Ta ɗago ta dube shi. "Amma yau matar da ta goye ni tana mutuwa, Bilya."

Tunda suke ba ta taɓa kiran sunansa ba.

Ya tsaya kamar an mare shi. Sannan ya ajiye takalman a gindin bedi, ya ce, "Shige gaba."

A ƙofar ɗakin Gwaggo akwai tsohon asabari a naɗe. Luba ta kwance igiyar, ya sauko har ƙasa. Ta shimfiɗa buzu a waje, ta nuna wa likita. Ya durƙusa. Ɗanmaliki, da ke zaune a kan turmi, ya gyara hula.

Ta ɗaga gefen asabarin ta shiga, ta zube ƙwayoyin a gaban babanta.

"Baba, wannan naka, wannan nasa. Duka take sha."

Malam Ashafa ya daɗe yana kallon takardar mai kusurwa uku. Mutum ne da matarsa ta mutu a hannunsa alhali yana da shago cike da kwalabe, kuma tun daga lokacin ba ya yarda da kowane magani sosai, har nasa. Ya ce, a hankali, "Waye a waje?"

"Ba kowa, Baba. Asabari ne."

Kaza ta ratsa tsakar gida.

Daga waje murya ta fito, ƙasa-ƙasa.

"Luba... ki gaya wa Baba ina gaisuwa."

Malam Ashafa ya yi gyaran murya. Ya kafa wa bango ido. "Luba, ki ce masa na amsa."

"Ya ji," in ji Luba.

"Ki tambayi Baba, don Allah, yaushe ya aiko da nasa."

"Ki ce masa ranar kasuwar da ta wuce waccan. An zo an ce mini ciwon haƙarƙari ne, kuma ba wanda ya duba ta." Ya ɗan dakata. "Ki tambaye shi, shi yaushe?"

"Ki ce wa Baba kwana ɗaya kafin nan. Na duba ta da kaina... gwargwadon yadda ta bari. Ta rufe kai, ta juya wa bango, duk abin da na tambaya ta ce lafiya lau."

"To mi zan ce wa suruki?" Gwaggo ta yi gunaguni daga gado.

"Ki ce wa Baba wannan ƙwayar, ruwa take so, mai yawa. In babu ruwa sai ta daskare a ƙoda kamar gishiri, ta toshe hanya. Na bar saƙo a riƙa ba ta ruwa safe da rana."

Malam Ashafa ya ɗago kai da sauri.

"Rana? Luba, tambaye shi wane wata muke ciki."

"Ki ce wa Baba... watan Ƙaramar Salla."

"Ki ce masa Kubura ba ta taɓa barin Sitta Shawwal ba tun tana budurwa. Ko ranar da aka yi gobara a gidan nan da azumi a bakinta ta ɗebi ruwa." Ya juya ga gadon. "Yaya! Azumi kike?"

"Na sha kwanaki cikin Ramalana da ciwon ya hwara. Na rama, na ɗora da shidda."

"A wannan bazarar? Ƙwayoyin fa, yaushe kike sha?"

"Da sahur in haɗiye rabi, in an sha ruwa in haɗiye rabi. Ban bar ko guda ba."

A bayan asabari aka ji likita ya yi salati.

"Luba, ki ce wa Baba ban tambaya ba. Ya kamata in tambaya."

"Ki ce masa ni ma na ba da magani ban ga mara lafiya ba. A soja da bulala za a yi mini." Ya ja tsaki. "Ki tambaye shi me za a yi."

"A daina ƙwayar yanzu. A ba ta ruwa, kaɗan-kaɗan, ba tsayawa, da garin soda a ciki don ya narkar da abin. Ki ce wa Baba namu na asibiti ya ƙare, motar Katsina ba ta zo ba."

"Ki ce masa akwai gwangwani guda a akwatina. Cokali nawa?"

"Ki ce wa Baba rabin ƙaramin cokali a kofi."

"Ki ce masa a ƙauye ba a san ƙaramin cokali ba. In ya ce haka da ludayi za su auna. Ni zan ƙulla shi a takarda, ƙulli ɗaya kofi ɗaya."

"Ki ce wa Baba... hakan ya fi."

Luba ta miƙe ta fita ɗebo ruwa a randa. Ta wanke kofi, ta tace ruwan, ta tsaya ta goge ido. Tana dawowa ta ji su.

"Luba, ki tambaye shi in ta yi amai fa?"

"Luba, ki ce wa Baba a dakata kaɗan a sake ba ta."

Ba wanda ya lura ba ta nan. Ta tsaya da kofi a hannu, ta rasa ko dariya za ta yi ko kuka, ta yi duka biyun.

Saura Gwaggo. Ta datse haƙora, ta ce ba mai karya mata azumi rana tsaka, a bari a kira magariba.

"Luba, ki ce wa Baba ba za a iya jira ba," in ji asabari.

Malam Ashafa ya karɓi kofin, ya zauna a bakin gado. "Yaya, Allah da Kansa Ya ɗauke wa mara lafiya. Ke kin fi Shi sanin abin da Yake so?"

"Kar ka yi mini wa'azi, na yi maka tsarki kana jariri."

"To ji wannan. In kika mutu, na rantse a gaban mutane ba ni ba yaron nan Luba. Za ta zamna a shago tana naɗe takarda har ta yi furfura. Ke kika ja."

Gwaggo ta buɗe ido biyu a karon farko. Ta dubi Luba.

"Kina son shi haka?"

Luba ta sunkuyar da kai. "Gwaggo..."

"Mi? Ban ji ba."

"Ina son sa!"

A waje wani abu ya faɗi. Jakar likita ce.

"Marar kunya," in ji Gwaggo. "Kawo kofin."

Daga nan sai jira, wanda shi ne yawancin aikin jinya, kuma ba a koyar da shi a kowace makaranta. Malam Ashafa yana ƙulla soda, Luba tana ɗura ruwa, likita yana kan buzu yana tambaya ta cikin asabari: kumburin ya ƙaru? Tana gane mutane? Ya ce in gobe da azahar ba labari, zai nemo mota a kai ta Katsina, ko da yake a zuciyarsa ya san hanyar za ta iya ƙarasa ta. Ya kwana a zaure. Da safe aka kai masa koko, ya kasa sha, don tsohon yana iya wucewa ya gan shi da ludayi a baki.

Hantsi ya yi. Shiru.

Rana ta take tsaka. Malam Ashafa ya daina magana. Ya san irin wannan shirun, ya taɓa zama a cikinsa.

Sai Gwaggo ta yafito Luba, ta yi mata raɗa a kunne.

"Baba, fita! Fita da sauri!"

Tsohon ya yi waje a ruɗe, ya yi karo da asabari, ya faɗo kusan a kan cinyar surukinsa. Suka dubi juna ido cikin ido, karo na farko tun ranar goro. Nan take kowa ya juya baya. Haka suka tsaya, ƙeya da ƙeya, kamar an ɗaure su a turke ɗaya.

Can sai Luba ta leƙo, fuskarta jiƙe.

"Ya zo! Baba, ya zo! Da yawa!"

Wata maƙwabciya ta rangaɗa guɗa. Tun da aka kafa Kusada ba a taɓa yi wa fitsari guɗa ba sai ranar. Malam Ashafa ya sulale ya zauna a ƙasa, ya rufe fuska da hannun riga, kafaɗunsa suna rawa. Bilya yana ta "Alhamdu lillahi" yana kallon katanga.

"Kar a gaya wa suruki!" Gwaggo ta yi ihu daga ciki.

Ɗanmaliki ya taso yana murmushi. "Ai dama na ce Inna za ta tashi. Maganin Malam ba ya ƙarya..."

"Zo nan," in ji Malam Ashafa. Ya share fuska. "Ran da ka zo shagona, na tambaye ka ko likita ya duba ta. Me ka ce?"

"Ai... na ɗauka..."

"Kai ka riƙe masa babur a ƙofar gidan nan, Ɗanmaliki," in ji Luba. "Gwaggo ta gaya mini."

"Ni ban san magani ɗaya ba ne! Wallahi so nake in ta warke a ce na Malam ne ya yi, ba na..."

"Na yarda ba ka sani ba," tsohon ya ce. "Ba ka da ilimin da za ka yi mugunta mai tsari. Hau kekenka."

Ya hau.

Luba ta matso, ta durƙusa. "Baba... kayan fa? A kwashe?"

Malam Ashafa ya yi kamar yana tunani. "Goron ya bushe. Abin kunya ne a mayar wa mutum busasshen goro." Ya kalli sama. "Luba, ki ce masa ya turo manyansa bayan Babbar Salla."

"Luba," in ji likita, "ki ce wa Baba na gode. Allah Ya ƙara girma."

"Ki kuma ce masa akwai wani Jaji mai tarin jini da yake zuwa wurina a ɓoye. Ina zaton yana zuwa wurinsa ma."

"Ki ce wa Baba yana zuwa! Me yake ba shi?"

Luba ta bar su nan.

Da la'asar ta raka likita gindin bedi. Akuya ta cinye igiyar takalminsa ɗaya.

"Sake faɗa," ya ce.

"Me?"

"Abin da kika gaya wa Gwaggo."

"Asabari na gaya wa, ba kai ba."

"To sunan. Sau ɗaya kawai, Luba tawa..."

"Wannan na ranar tashin hankali ne, Likita. Ka yi addu'a kar ka sake ji."

Ta juya da gudu, mayafi a baki.

An ɗaura aure bayan Babbar Salla. Gwaggo Kubura ce ta kai amarya da ƙafarta, tana faɗa wa duk wanda ya tsaya cewa ita dai maganin mutum biyu ta sha, shi ya sa ta fi kowa lafiya. Gudummawarta kuwa ba tasa ba ce, ba tabarma ba. Tsohon asabarin ta sa aka naɗe aka ɗora a mota.

A ƙofar bayan shago aka rataye shi. Duk ranar kasuwa babur yakan tsaya a lungu, a ajiye takalma, a shimfiɗa buzu. Mai magani ya daina miƙa ƙwaya sai ya tambayi me asibiti ta bayar. Likita ya daina sallamar mutum sai ya tambayi me ya saya a shago, kuma ko yana azumi. Mutanen Kankia suka daina ɓoye-ɓoye, tunda sun gane duk abin da suka ɓoye zai fito ranar kasuwa. Wasu ma sun ji haushin sulhun, don ya rage musu abin hira.

Wata ranar kasuwa Luba ta kawo wa babanta fura, da ɗa goye a bayanta. Ta zagayo ta lungu, ba wanda ya gan ta.

"Luba, ki ce masa matar Modibbo ta daina shan nata, wai yana sa ta jiri."

"Luba, ki tambayi Baba ko kafin abinci take sha."

Ta ajiye ƙwaryar a hankali kusa da takalman mijinta.

"Ya ji," ta ce.